Zangona na farko a digirin jinya ta intanet, daga wata nas a Gombe

Shekara 11 na yi ina aikin jinya kafin na koma karatu. Na gama makarantar jinya ta shekara uku, na ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, na karɓi lasisi, na ƙara ungozoma a kai. Daga nan aure da haihuwa da dutin dare suka tafi da shekarun. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne ranar da na tarar da metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, tana harhaɗa takardun ritaya. Ita ta koya mini neman jijiyar jariri in za a sa masa ƙarin ruwa, amma a muƙamin CNO, wato babbar jami'ar jinya, ta tsaya, yaran da suka koyi aiki a hannunta sun haye zuwa mataimakin darakta saboda suna da digiri. Ta dube ni ta ce, "'Yata, hannu dai kina da shi, takarda ki nema tun da sauran ƙarfinki." Na ce, "To Hajiya, in Allah ya yarda." A makon na fara bincike.

Barin aiki in tafi jami'a ba zai yiwu ba. Layin masu jiran hutun ƙaro karatu ya yi tsawo, ga yara uku a Tumfure, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Shi ya sa na shiga digirin jinya na BNSc na karatu daga nesa. Yanzu na kammala zango ɗaya, sakamako ya fito, abokan aiki kuma sun dame ni da tambaya a WhatsApp, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Wajen zaɓen makaranta na kusa faɗawa rami. Da zarar ka nemi abu sau ɗaya a waya, tallace-tallace za su yi ta biyo ka a Facebook, wasu na cewa digiri cikin shekara ɗaya daga Amurka. Gaskiya ne a can akwai irin wannan tsari na shekara ɗaya zuwa biyu, amma don masu lasisin jinya na can aka tsara shi, kuɗinsa kuma da dala ne. A nan gida mai lasisin RN, wato nas mai rijista, yakan fara ne daga aji biyu na jami'a ya gama a aji biyar, shekara huɗu ke nan in bai maimaita komai ba. Tambaya biyu na riƙe: Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC ta amince wa jami'ar ta koyar da jinya daga nesa? Hukumar Jinya ta san da kwas ɗin? Jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiya a Gombe da Bauchi, tana da wannan digiri, haka ma cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya, akwai wasu kuma a arewa da kudu. Ni wata daban na shiga saboda wata ƙawata ta riga ni can. Ba zan kama sunanta ba, tunda akwai inda zan yaba mata, akwai kuma inda zan koka.

Takardu ne suka fara shayar da ni wuya. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Sai shaidar RN, sai lasisi mai rai, wanda ake sabuntawa duk shekara uku bayan an halarci bitar MCPDP, wato bitar ƙara ilimi ta dole ga ma'aikatan jinya. Nawa saura wata biyu ya mutu, ban lura ba sai da na zo ɗora shi a fotal. Babbar matsalar kuwa suna ce. A takardar sakandare sunan mahaifina ne, a NIN sunan maigidana, a lasisi kuma an haɗa biyun. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na buga sauyin suna a jarida, sannan suka karɓa. Cikakken sakamakona na makarantar jinya ya ɗauki mako bakwai kafin ya isa jami'ar, na yi sintiri sau huɗu a kansa. Wadda duk ke da niyya, ta ɗauko takardunta yau ta jera su a kan gado ta duba harafi da harafi da ranar haihuwa, kafin ta biya ko kwabo a Remita. Ta kuma buɗe imel nata na kanta, ta riƙe lambar sirrin. Akwai wadda yaron kafe ya buɗe mata da lambar wayarsa, da ya bar gari sai ta rasa hanyar shiga.

Makon farko na gabatarwa ya yi kyau ƙwarai. Wata jami'a ta zauna da mu ta Zoom kusan awa biyu tana nuna mana inda ake sauke darasi, inda ake miƙa jinga, inda ake rubuta ra'ayi a zauren tattaunawa. Ta lura yawancinmu manya ne, wasu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ba ta ƙosa ba, ta maimaita har sau uku. Shafin karatun a kan manhajar koyarwa ta Moodle yake, yana buɗewa a waya sarai, kuma ana ajiye bidiyon laccar da aka yi kai tsaye don wanda ke bakin aiki ya kalla daga baya. Wannan ajiyar ita ce ta cece ni, domin cikin laccoci goma da wuya in samu huɗu a lokacinsu. Sai dai waya ba ta isa ba. Karatu kam za a yi da ita, amma rubuta jinga mai shafi takwas da jera madogara a tsarin APA (ƙa'idar rubuta sunayen littattafan da aka duba) da babban yatsa azaba ce. A wata na biyu na kwashi adashi na sayi kwamfutar hannu ta gwanjo.

Lokaci kuwa, masu talla suna cewa ka yi karatu sa'ad da ka samu sarari. Nas mai aure ba ta da wani sarari da ke zaune yana jiranta, sai wanda ta yanko da kanta. Da farko na ɗauka zan riƙa karatu a dutin dare in ɗaki ya lafa. Ɗakin haihuwa ba ya lafawa, ranar da ya lafa ma ido ba ya ɗaukar Bayokemistiri da ƙarfe uku na dare. Jinga biyu suka wuce ni a haka. Sai na zauna da maigidana muka yi magana ta fahimta. Ya ce, "Maman yara, daga sallar asuba zuwa bakwai naki ne, ni zan shirya su makaranta." Ranar Asabar kuma ƙanwata ta kwashe su zuwa gidan Inna a Jekadafari har la'asar. Metiron ma na kai mata jadawalin jarrabawa tun farkon zango, ta gyara mini rosta ba tare da an tauye kowa ba, na biya abokan aikina da dutin ranar Sallah. A lissafina awa 12 zuwa 15 nake ba karatun a mako, in ya gaza haka sai in ga aiki ya taru. Batun wuta da data ba sai na faɗa wa mutumin Gombe ba. Zafin Maris da Afrilu ga rashin wuta, kwamfuta ta yi zafi ta mutu. Ƙaramin sola na gida da sauke bidiyo cikin dare lokacin da data ke araha su suka rufa mini asiri.

Yanzu ga abin da ya sa ban yi nadamar ko sisi ba. Na shiga ne don takarda, ban ɓoye ba. Na zaci abin da na sani ne za a maimaita mini da Turanci mai tsawo. Sai ga malamin Fiziyoloji, dattijo mai haƙuri, ya kai mu darasin ƙoda. Shekara da shekaru ina yi wa mata masu jijjigar haihuwa allurar magnesium sulphate yadda aka koya mana: giram 4 a jijiya, giram 10 a ɗuwawu, biyar kowane gefe, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Kafin kowace allura a buga gwiwa a ga ko ƙafa za ta motsa, a ƙirga numfashi, a auna fitsari kada ya gaza mil 30 a awa, a kuma ajiye calcium gluconate, makarin maganin, a kusa. Na haddace wannan kamar karatun allo, ban taɓa kuskure ba. Amma sai a wannan darasi na gane dalilin auna fitsarin: ta ƙoda maganin ke fita, ita kuma cutar jijjigar, ƙodar take taɓawa, in fitsari ya ragu maganin zai taru a jini, ya fara kashe motsin gwiwa, daga nan ya danne numfashi. Ashe abubuwa ukun nan da nake dubawa daban-daban zare ɗaya ne.

Bayan kwana tara aka kawo mana wata yarinya daga wajen Dukku, cikin fari, ta jijjiga sau biyu a hanya. Da dare ya raba na duba jakar fitsarinta na ga abin da ya taru bai kai ba, ko da yake gwiwarta na motsi. A da zan iya cewa tunda gwiwa na amsawa a ci gaba. Wannan karon na riƙe allurar, na kira likita na faɗa masa dalili a fili, ya yarda muka dakata muka sa ido. Mahaifiyarta Fulatanci kawai take ji, na yi mata bayani da ɗan Fulatancin da na iya, cewa ba ƙin yi wa 'yarta allura muka yi ba. Yarinyar ta tashi, ta koma gida da ɗanta. Ina tuna daren nan duk sa'ad da gajiya ta sa na ji kamar in rufe kwamfutar.

Darasin tsarin jinya ma ya taɓa ni: dubawa, gano matsala, tsarawa, aiwatarwa, sake aunawa. A makaranta mun rubuta shi ne don cin jarrabawa. Da muka zo kan ra'ayin Dorothea Orem, cewa aikin nas shi ne cike gurbin abin da majiyyaci ya kasa yi wa kansa har ya iya, sai na sauya yadda nake sallamar mai jego. Yanzu sai ta nuna mini da hannunta yadda za ta kula da cibiyar jariri kafin ta fita, ba in karanta mata in ce ta gane ba.

Inda suka gaza kuwa, sun gaza. Cikin malamai shida, biyu littafi kawai suka zuba mana a shafi suka ɓace, tambaya a zaure sai ta yi mako biyu babu amsa. Jinga ɗaya na sha wuya a kanta, aka dawo mini da maki tsirara, ko layi ɗaya ba a rubuta ba in san inda na gyara da inda na ɓata. Wanda ke karatu shi kaɗai a ɗaki da asuba, wannan layin shi ne malaminsa. Ofishin taimakon ɗalibai ba ya ɗaga waya, imel kuma sai an tura uku a amsa ɗaya. Ranar rufe rijistar kwasa-kwasai fotal ya tsaya cak, na biya kuɗi ya fita daga asusuna amma shafi na cewa ban biya ba, sai da na kwana huɗu cikin zullumi. Sakamakon wani kwas na gama-gari ya fito babu sunana, hoton takardar halarta da na ɗauka a zauren jarrabawa shi ya fisshe ni. Ku riƙa adana kowane rasit da kowace shaida, a waya da kuma a takarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba su fito fili tun farko sun ce akwai tafiya ba. Jinya ba a gama ta a waya, wannan daidai ne, dole a je ɗakin gwaje-gwaje da asibitin koyarwa, jarrabawa ma a zaure ake yi. Amma sanarwar ta zo saura kwana goma. Kuɗin mota da masauki da abinci na mako biyu ba sa cikin lissafin da suka nuna mana, kuma sun kusa kai rabin kuɗin makarantar. Gaba ɗaya zangon ya cinye mini kusan albashin wata uku. Mu bakwai 'yan Gombe da Kaltungo da Bajoga muka haɗa kai muka kama ɗaki biyu, muna girki tare. Wannan rukuni ya fi ofishinsu amfani nesa ba kusa ba. Wani ɗan'uwa daga Billiri da ya iya lissafi shi ke warware mana abin da ya shige duhu kowace Lahadi da yamma, ni kuma ina jan su a ɓangaren haihuwa.

Da za a ce in ba su maki, koyarwa da shafin karatu bakwai cikin goma, kula da ɗalibi huɗu. Wadda ke da lasisi mai rai, da wanda zai riƙe mata yara awa biyu a rana, da metiron mai fahimta, ina ce mata ta shiga. Wadda ke da tsohon ciki, ko bashi ya yi mata yawa, ta jira shekara mai zuwa ta shirya, domin cikin waɗanda muka fara tare akwai uku da suka ajiye tun kafin jarrabawa, kuɗinsu kuma bai dawo ba.

Jiya wata ƙaramar nas da aka kawo mana bara ta same ni ina rubuta rahoton miƙa aiki. Ta ce, "Anti, ni ma ina so, amma tsoron kwamfuta nake ji." Na ce ta zo gida ranar Asabar da takardunta duka mu fara duba sunayen, sannan in zaunar da ita gaban tawa ta buɗe imel da hannunta. Ni kuma na riga na yi rijistar zango na biyu, kwas bakwai, ciki har da Anatomi kashi na biyu, za mu fara mako biyu bayan Sallah.