Ƙwallon Ostareliya daga hannun badukun Maraɗi

Ni malamin wasanni ne a wata makaranta a nan Maraɗi, kuma na daɗe ina so yarana su taɓa ƙwallon da ake bugawa a wasan ƙwallon ƙafa irin na Ostareliya, mai siffar ƙwai, da hannunsu. Da na rasa ta a babbar kasuwa, sai na kai hotonta wurin wani baduku da ke bayan kasuwar, muka shirya a kan jika takwas.

Abin da ya ja ni ga wannan wasa shi ne tarihin Tom Wills, ɗan Ostareliya wanda aka haifa a 1835, ya yi karatu a makarantar Rugby a Ingila, sannan a watan Yuli na 1858 ya rubuta wa wata jarida wasiƙa yana neman a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa domin 'yan wasan kurket, wato wasan da ake buga ƙwallo da sanda, su riƙa motsa jiki a lokacin sanyi. Yana cikin waɗanda suka rubuta dokokin wasan na farko a birnin Melbon na Ostareliya a watan Mayu na 1859, ya kuma jagoranci 'yan wasan Melbon da na garin Jilon a fili. Da na gaya wa badukun cewa Thomas Sherrin, wanda ya ɗinka ƙwallon da ta yi suna a 1880, shi ma mai aikin sirdi ne, sai ya ajiye basillarsa ya ce, "Ashe, malam, sana'ar gidanmu ce."

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya yanka jar fatar akuyar Maraɗi gida huɗu, ya haɗa ta da ɗinki biyu-biyu, ya kuma dunƙule bakunan biyu don kada su yi tsini, wanda shi ne abin da na fi jin tsoro. Kwana shida ya yi alkawari, ranar ta shida kuwa na karɓa. Idan yaro ya ɗora ta a tafin hannu ya naushe ta da dunƙulen ɗaya hannun, kamar yadda ake miƙa ta a wasan, tana tafiya sak ba tare da ta ji masa ciwo ba.

Inda aka samu matsala shi ne ƙarko. Fatar akuya tana da laushi, ga shi dokar wasan ta ce mai gudu da ƙwallo ya buga ta da ƙasa a kowace mita 15, filinmu kuma tsakuwa ce. Bayan mako uku fatar ta saki, cikin ya kumbura ta gefe guda, har ƙwallon ta fara kaucewa idan an dako ta. Laifin rabi nawa ne, domin tun farko ya ba ni shawarar ƙirgi, na ƙi saboda son jan launi.

Da na mayar masa, bai karɓi ko dala ba ya ƙara ɗaure ɗinkin. Na riga na ba shi kafin alƙalami na ta biyu, wannan karon da ƙirgi.