Ƙara a ƙarƙashin tsohuwar mota: a tuƙa ta ko a ɗaga ta?

Tuƙi yana nuna lokacin da ƙarar ke fitowa. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya in an sha kwana, galibi boris ɗin taya ne; ƙas-ƙas in an murɗe sitiyari har ƙarshe kuwa shaf ne, wato sandar da ke juya taya. Sai dai kunne yana ruɗuwa, ƙarar baya takan zo kamar daga gaba.

Ɗaga motar yana nuna wurin: a girgiza taya, a jijjiga salansa bayan ta huce, a duba robobin da suka tsage. Amma wata ƙarar takan ɗauke da zarar nauyi ya bar tayoyi, shi ya sa na fi son a fara da tuƙi. In za a shiga ƙarƙashi, kada a dogara da jak kaɗai.