Datar LiDAR ta Ingila wajen gyara tsayin ƙaramin tudu: ra'ayina bayan na yi aiki da ita

LiDAR hanya ce ta auna tsayin ƙasa da hasken lesa. Shafin intanet ɗin da ake sauke datarta da nake magana a kai na Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ne, kuma tun farko ba don masu hawan tudu aka yi shi ba, saboda ambaliya aka yi. Tun 1998 suke tashin jirgi yana harba lesa ƙasa don su san inda ruwa zai bi idan kogi ya cika ya batse, a 2015 kuma suka saki datar kyauta, kowa ya shiga ya sauke abinsa ba biyan komai. To masu son sanin ainihin tsayin tuddai sai banza ta faɗi musu. Yanzu haka kusan duk Ingila an auna ta, kowace murabba'in mita ɗaya da tata lambar tsayin. Wales da Sikotilan kowa da nasa shafin daban, kar ka je nema a nan ka ce babu.

Yadda abin yake aiki ba wani tsafi ba ne. Na'urar da ke cikin jirgin tana harba hasken lesa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya, ta lissafa lokacin da hasken ya ɗauka ya taɓa ƙasa ya dawo, GPS kuma na faɗin inda jirgin yake a daidai wannan lokacin, shikenan an samu tsayin wurin. Galibi da hunturu suke tashi lokacin ganyen bishiyoyi ya zube, don hasken ya samu ratsawa har ƙasa.

Wani zai ce ai akwai taswira, me za a yi da wannan wahalar? Ai matsalar kenan. Yawancin lambobin tsayin da ke kan taswirar Ordnance Survey, wato hukumar zana taswira ta Birtaniya, daga hoton jirgin sama aka ciro su, kuskuren zai iya kaiwa wajen mita uku sama ko ƙasa. Su kuma ginshiƙan sumunti na awon ƙasa da aka fara kafawa kan tuddai a 1936, tsayinsu daidai ne ƙwarai, amma ba dole ne a ce a kan ƙololuwa aka dasa su ba, inda za a hango wani ginshiƙin aka duba, sau da yawa za ka ga wani ɗan tsibin ciyawa can gefe ya fi wurin tsayi. Ga babban dutse mita uku ba komai ba ne. Ga ƙaramin tudu kuwa shi ne komai, tunda jerin sunayen da masu hawa suke bi ba tsayi kaɗai suke dubawa ba, suna duba ɗagowa, wato nawa tudun ya ɗago daga wuyan da ya haɗa shi da tudun da ya fi shi. Mita 30 ya shiga jerin Tump, 100 ya zama Hump, 150 Marilyn. Misali kawai, a ce taswira ta ba ƙololuwa 141 wuya kuma 112, ɗagowa 29 kenan, bai shiga ba. Ka buɗe LiDAR ka ga 142.3 da 111.8, ya koma 30.5, tudun da jiya ba wanda ya san da zamansa yau mutane na tuƙo mota suna zuwa hawansa.

Saukewar ba wuya, ka zana wurin da kake so a kan taswirar shafin, ya fito maka da fayilolin da suka shafe shi, kowane ɗaya kilomita biyar a kilomita biyar. Sai dai fa ba abin waya ba ne, kwamfuta ake so da manhaja irin su QGIS, ita ma kyauta ce. Farkon buɗewa hoto ne toka-toka kamar hayaƙi ba ka gane komai, sai ka shiga wajen launi ka matse shi, ka ce ya nuna maka mita biyun ƙarshe na saman tudun kawai, nan take sai ka ga duk allon ya yi duhu saura ɗan tabo ja, ka ƙara matsewa tabon ya ƙara tsukewa har ya rage 'yan ƙwayoyi uku ko huɗu, ka danna ɗaya ya ba ka lamba. Wallahi wannan wurin yana da daɗi, har layin tsohuwar katanga da sawun hanyar da tumaki suka tattake za ka iya gani idan ka kunna inuwa.

Inda mutane suke yin kwaɓa shi ne zaɓen fayil. Akwai DSM akwai DTM. DSM duk abin da hasken ya taɓa ya ƙirga, bishiya, rufin gida, katanga, tarin duwatsun da masu hawa suke jibgawa a ƙoli. Wanda ya ɗauki DSM ya auna tudun da ke da daji a kansa, to tsayin bishiya ya auna, sai ya zo yana murna wai tudun ya ƙaru da mita goma sha. DTM ita ce wadda kwamfuta ta share waɗannan ta bar ƙasa tsirara, ita ya kamata a fara da ita. Amma ita ma ba waliyiya ba ce. Kwamfutar ba ta san bambancin dutsen Allah da ya tsiro a ƙoli da tarin duwatsun mutane ba, wani lokacin sai ta aske duka biyun, kuma ƙololuwa mai tsini dama tana ɗan raguwa tunda lamba ɗaya ce ke wakiltar murabba'in mita guda. Inda ciyawa ko ƙaya ta yi kauri kuma hasken bai isa ƙasa ba, sai lambar ta ɗan haura. Shi ya sa ni dai duka biyun nake buɗewa in jera su, inda suka saɓa nan ne ake da magana.

Wuyan ma ya fi ƙolin rikici. Nan ne ake gina titi, nan layin dogo yake yanka ƙasa, ga gada ga cikon ƙasa, to wanne za ka ɗauka, kwalta ko ƙasar asali da ke gefe? Data ba za ta yanke maka wannan ba, ƙa'idar jerin da kake bi ce za ta yanke. A duba shekarar da aka yi awon kuma, don idan akwai wurin fasa dutse kusa ƙasar na iya canzawa.

Wani abu da ake mantawa, tsayin nan daga matakin teku na Newlyn da ke Cornwall ake ƙirga shi, wanda aka samo daga awon ruwan teku na 1915 zuwa 1921. Don haka kar ka tsaya kan tudu da waya a hannu ka ga ta ba ka wata lamba daban ka ce LiDAR ta yi ƙarya, GPS ɗin waya wajen tsayi kam sai a hankali.

Ita Hukumar Kula da Muhallin da kanta santimita 15 sama ko ƙasa ta ce shi ne gwargwadon kuskuren datar, kuma a fili mai gajeriyar ciyawa sau da yawa ta fi haka kyau. Idan aka kwatanta da mita uku, ai an ci riba. Tauraro huɗu cikin biyar nake ba ta, ɗayan da na riƙe saboda sabon shiga zai sha fama kafin ya gane kan fayilolin ne. Amma idan lissafinka na ɗagowa ya fito 29.9 ko 30.1, dan Allah kar ka yi saurin shelar cewa tudu ya shiga jeri ko ya fita. Dubi Calf Top da ke arewacin Ingila, a can sai tudu ya kai ƙafa 2,000, wato mita 609.6, ake ce masa dutse. A 2010 masu awo suka hau da na'urar GPS ta ƙwararru suka samu 609.58, ya gaza da santimita biyu, a 2016 da Ordnance Survey ta sabunta tsarin lissafinta sai ya koma 609.606, ya tsallake da milimita shida. Irin wannan ba aikin jirgi ba ne, sai mutum ya sa takalmi ya hau da na'ura ya kafa ta a ƙoli ya zauna sa'o'i yana jira tana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam.