Ungozoma ko 'yar'uwa: wa za ta raka mai naƙuda asibiti?

A wajen awon ciki a ƙauyukan Jigawa, mata suna yawan tambayar wa ya fi dacewa ta raka su haihuwa. Kowacce aka zaɓa, aikinta rakiya ne: shafa baya, ba da ruwa, kwantar da hankali. Karɓar haihuwa na ma'aikaciyar jinya ne.

Wajen kuɗi, 'yar'uwa kyauta ce. Ungozoma kuwa tana da hakkinta na sabulu, hatsi da naman suna.

Ungozoma ta fi ido. Wadda aka horar takan gane zubar jini, jijjiga, ko naƙudar da ta haura awa 12, ta matsa a tafi babban asibiti irin na Jahun. Haɗarinta shi ne abin da ta saba yi: wata takan ba da jiƙon saurin naƙuda a ɓoye, wanda zai iya fasa mahaifa, ko ta sa yunƙuri kafin bakin mahaifa ya buɗe santimita 10. A tambaye ta tun ciki yana wata 7: za ki bi maganar malamar asibiti?

'Yar'uwa ba ta jayayya, amma takan rikice.

Mai cikin fari, ko wadda gidansu ke nesa da titi, ungozoma ta fi mata. Wadda ta saba haihuwa lafiya kusa da asibiti, yayarta ta isa.