Fulorens ko Siyena: Ina Ya Fi Dacewa Ma'aurata Su Yada Zango a Tuskani?

Wata 'yar uwa a zauren nan ta kawo tambaya. Ita da maigidanta sun samu bizar Italiya, suna da kwana bakwai a yankin Tuskani. Suna son ganin zane-zanen tarihi, su ɗanɗani abincin ƙasar, su kuma leƙa karkara. Ba sa cin naman alade, ba sa shan barasa. Shin Fulorens za su sauka ko Siyena?

Hajiya, kafin ki duba otal ko ɗaya, ki zauna da maigida ku yanke magana guda: za ku ɗauki hayar mota ko ba za ku ɗauka ba? In babu mota, ku sauka Fulorens. In da mota, Siyena ko gefenta ya fi muku. Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 70 ne kacal, amma zaman cikinsu ya sha bamban ƙwarai.

Ta fannin zane da sassaƙa, Fulorens ba ta da na biyu a yankin. A gidan tarihin Uffizi za ku ga manyan zanen Botticelli guda biyu da duniya ta sani, na haihuwar Venus da na bazara, tare da ayyukan Leonardo da Vinci na ƙuruciyarsa. A Accademia akwai mutum-mutumin Dauda da Michelangelo ya gama sassaƙawa a 1504, tsayinsa ya ɗan haura mita 5. Duka gidajen biyu a rufe suke ranar Litinin. Ku sayi tikiti mai ɗauke da lokacin shiga ta intanet tun kuna gida, daga shafin gidan tarihin kansa, domin masu sayar da na hannu na biyu suna ɗora riba mai yawa. Wanda ya je ba tikiti a lokacin cunkoso zai iya ƙarar da safiyarsa a layi. Lahadin farkon kowane wata shiga kyauta ce a gidajen tarihin gwamnati, amma ba mu ba ku shawarar ranar ba: turmutsitsin ya isa ya hana ku tsayawa gaban zane ko na minti ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa Uffizi da Accademia da hawan kubba a rana guda. Uffizi kaɗai yana cin awa uku, bayan nan ido ya gaji, sai mutum ya riƙa wuce abin da ya biya kuɗin jirgi don ya gani. Babban gida ɗaya da safe, yamma kuma a sarara. Kubbar babbar majami'a, wadda Brunelleschi ya kammala a 1436, tana da matakala 463, babu na'urar hawa, hanyar matsattsiya ce, kuma ita ma sai an kama lokaci. In ɗayanku na fama da gwiwa ko ba ya jure matsi, ku bar ta, ku hau bas zuwa Piazzale Michelangelo, wani dandali a kan tudu, gab da faɗuwar rana, ku ga birnin gaba ɗaya kyauta. Wurin da muke roƙon kada ku tsallake shi ne San Marco, tsohon gidan Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, inda Fra Angelico ya yi zane a bangon ƙananan ɗakunan kwanansu a ƙarni na 15. Jama'a ba su cika yawa ba, kuna iya tsayawa ku biyu ku kalla a natse.

Akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu don kada ya zo muku ba zato: da yawa daga cikin shahararrun ayyukan Fulorens siffar jikin ɗan Adam ce ba sutura, har a dandalin Signoria inda kowa ke wucewa. Na Siyena ba haka suke ba. Sun girmi na Fulorens, akasarinsu zanen addinin Kirista ne a kan katako mai shafen zinariya.

Siyena ƙarama ce, kwana biyu sun isa a ga manyan abubuwanta. Dandalin Campo an shimfiɗa shi da jan bulo an raba shi kashi tara, don tunawa da majalisar mutum tara da ta mulki birnin lokacin da yake ganiyarsa. A fadar gwamnati da ke bakin dandalin akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi tsakanin 1338 da 1339, yana nuna yadda gari da ƙauye ke kasancewa a ƙarƙashin mulkin adalci da kuma na zalunci. Ga masu niyyar fita karkara, babu zanen da ya fi wannan amfani: manoma, gonakin inabi da tuddan da ke jikin bangon su ne za ku gani ta tagar mota washegari. Babban allon zanen Duccio, wanda aka gama a 1311, yana gidan tarihin majami'a. Daɓen majami'ar kuwa hotuna ne 56 na dutsen marmara, amma ana rufe mafi yawansu don kada takalma su cinye su, sai wasu makonni na damina da farkon kaka ake buɗewa. Ku duba ranakun a shafinsu. A gefe za ku ga wani ƙaton bango tsaye shi kaɗai: faɗaɗa majami'ar aka fara, annobar 1348 ta kashe jama'a da yawa, aikin ya tsaya har yau. Wannan koma-bayan ne ya sa birnin ya zauna da kamanninsa na da.

Bambancin da ba a gani a hoto shi ne na dare. Siyena tana cika da 'yan yawon buɗe ido na yini ɗaya, da yamma motocinsu su kwashe su, gari ya koma hannun masu shi. Fulorens ba ta lafawa. Ga ma'auratan da ke neman zama su yi hira ba hayaniya, Siyena ta yi zarra. Sai dai gari ne na hawa da gangara, jan akwati a kan duwatsunta wahala ce.

Batun abinci ne ke buƙatar kulawarku sosai, don girkin Tuskani ya dogara da alade fiye da yadda baƙo ke zato. Ki rubuta waɗannan kalmomi a wayarki: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo, finocchiona, duka alade ne. Cinghiale aladen daji ne, kuma miyarsa ce ake yawan zubawa a taliya a gefen Siyena. Strutto kitsen alade ne da kan shiga wasu kayan gashi. Barasa ma tana ɓuya a tukunya: peposo naman sa ne da ake dafawa cikin jan ruwan inabi mai sa maye, haka kuma hantar kaza da ake shafawa a burodi sau da yawa ana ɗiga mata vin santo, wata barasa mai zaƙi. Ku ce wa mai kawo abinci "senza maiale, senza vino", wato ba alade, ba barasa, tun kafin ya rubuta oda.

Abin da ya rage muku ba kaɗan ba ne. A Fulorens akwai ribollita, miyar wake da baƙin kabeji da tsohon burodi, sai dai a tambaya ko an fara suyar da pancetta. Akwai pappa al pomodoro ta tumatir da burodi da man zaitun, da panzanella, salak na burodi da tumatir, lokacin zafi. Burodin yankin ba gishiri, haka ake yin sa, ba mantuwa ba ce. Bistecca alla fiorentina katafaren yankan naman sa ne mai ƙashi, yakan kai kilo ɗaya ko fiye, na mutum biyu ne, cikinsa ja ake kawo shi. Farashin da ke rubuce na kilo ne ko na giram 100, ba na faranti ba, nan ne baƙi ke shan mamaki idan takardar kuɗi ta zo. Ku ce a auna a gaya muku kafin a ɗora a wuta. Lampredotto kuwa tumbin sa ne a cikin burodi, a bakin titi da kasuwar San Lorenzo ake sayarwa. In kuna tsayawa kan yankan Musulunci, gidajen abincin gargajiya ba sa yin sa. Wuraren halal sun fi samuwa a Fulorens, musamman kewayen tashar jirgin ƙasa.

Siyena tana da pici, taliya mai kauri da ake murzawa da hannu. Ku nemi ta all'aglione, da tumatir da tafarnuwa, ko cacio e pepe, da cuku da masoro. Kayan zaƙinta, ricciarelli da panforte, suna jure tafiya, sun dace da tsaraba. A biranen biyu ana cin rana daga 12:30 zuwa wajen 2:30, na dare ba ya farawa sai 7:30, kuma za ku ga coperto a takarda, kuɗin zama ne na kowane mutum, doka ta ba su dama a can.

Karkara ce ta sa muka fara da maganar mota. Daga Fulorens ba mota, bas mai lamba 7 zai kai ku Fiesole a kan tudu cikin ƙasa da rabin awa, jirgin ƙasa zai kai ku Pisa ko Lucca, bas 131R kuma zai sauke ku tsakiyar Siyena cikin awa ɗaya da kwata. Ku fifita wannan bas ɗin kan jirgin ƙasa, domin tashar jirgin Siyena tana ƙasan tudu nesa da tsohon gari. Tikitin takarda sai an buga shi a na'ura, in ba haka ba tara ce. Tafiye-tafiyen rukuni da ake tallatawa zuwa Chianti, yankin gonakin inabi da ke tsakanin biranen biyu, yawancinsu ɗanɗanon barasa ne, kuɗinsa na cikin farashin, za ku biya abin da ba za ku taɓa ba.

Tuddan nan masu layin dogayen itatuwa sirara da kuke gani a hotuna suna kudu da Siyena, a Val d'Orcia, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Pienza, garin cukun tumaki, tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Kusa da ita akwai San Quirico da Bagno Vignoni, ƙauyen da tafkin ruwan zafi ne a tsakiyarsa a madadin dandali. Bas ɗin wannan yanki kaɗan ne, ranar Lahadi ya ƙara ƙaranci. Da mota kuna iya zuwa gidan cuku, caseificio, ko matatsar man zaitun, frantoio. Ta arewa akwai Monteriggioni da San Gimignano mai hasumiyoyi, a hanya kuma garin Colle di Val d'Elsa yana da masallaci da aka buɗe a 2013.

Motar tana da nata tarko. Tsakiyar biranen biyu yanki ne da ake kira ZTL, inda aka hana motar da ba ta da izini shiga, alamarsa farin da'ira mai jan baki. Kyamara ke ɗaukar lambar mota, babu mai tsayar da ku, kowace shiga tara ce daban, takardar ta biyo ku bayan watanni, kamfanin haya ma ya ƙara nasa caji. Taswirar waya ba koyaushe take kauce wa yankin ba. Maigida ya tanadi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida. Yawancin motocin haya manuwal ne, mai son otomatik ya kama da wuri. A Siyena ku ajiye mota a Santa Caterina ko San Francesco, matakala mai tafiya da kanta ta hau da ku gari. Wasu hanyoyin gonaki na tsakuwa ne, ku tambaya ko inshorar ta haɗa da taya da gilashi.

Da mu ne, raba makon za mu yi. Kwana uku a Fulorens ba mota, kada su faɗo a kan Litinin. Ranar huɗu ku hau tiram T2 zuwa filin jirgin sama ku karɓi mota a can, nesa da kyamarori, ku bi hanyar SR222 ta Greve da Castellina zuwa Siyena. Sauran kwanakin ku kama ɗaki a gidan gona, agriturismo, a wajen ganuwa.

Lokaci ma yana canza abin da za ku gani. Afrilu da Mayu tuddai kore ne shar. Da an girbe alkama a tsakiyar shekara sai su koma ruwan ƙasa, zafin Yuli da Agusta kuma yakan haura digiri 35. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake tsinkar zaitun, a samu sabon mai. Ranakun 2 ga Yuli da 16 ga Agusta ake sukuwar Palio a Campo, dawaki goma daga cikin unguwanni 17 na Siyena. In ba don ita za ku je ba, ku kauce wa waɗannan ranaku da kwana ukun da ke gabansu, domin ɗakuna kan ƙare, farashinsu kuma ya yi tashin gwauron zabi.