Gidan kallon ƙwallo na bayan tasha: wurin ya yi, sai dai zafi

Masu tambayata a kan sabon gidan kallon nan na bayan tasha a ƙauyenmu, hanyar Gumel, to ga yadda yake. Shiga N200 ne, ranar babban wasa irin Madrid da Barca N300, tibi biyu manya, akwai sola ga kuma janareta a ajiye, ba za a ɗauke maka wasa ana tsakiyar fenareti ba. Hoto tas. Matsalar rufin kwano ne kuma fanka biyu kacal, in aka cika da bazara wallahi kamar an rufe ku a tukunya, sannan tibin hagu yana riga na dama kaɗan, sai ka ji ƴan can sun fasa ihu kai a naka ƙwallo ba ta ma bar ƙafar ɗan wasa ba. Wannan kam ya kamata mai gidan ya gyara.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne mai shi ya san halin ɗan kallo. Duk mai kallo ya san yanayin nan, tafin hannu na gumi, baki ya bushe, ƙirji na dukan uku-uku alhali kana zaune a benci ko gudu ba ka yi ba. Aikin adirenalin da kotisol ne, sinadaran da wasu ƴan ƙullutai a saman ƙoda ke sakowa cikin jini in jiki ya ji za a gwabza, shi bai damu da cewa a Sifen ake wasan ba. Akwai kuma testosteron, sinadarin mazantaka da ke cikin jini. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994, wanda Brazil ta ci Italiya a fenareti Baggio ya buga sama, masu bincike a Amurka sun gwada yawun masu kallo a talabijin, testosteron na magoya bayan Brazil ya hau, na ƴan Italiya ya sauka. To kun ga dalilin da wanda ƙungiyarsa ta ci yake fitowa yana buɗa kafaɗa yana neman wanda zai tsokana.

Amma fa jini ba shi kaɗai ke aiki ba, abin da mutum ya sa a ransa ma yana da nasa. Samari biyu a benci ɗaya, ƙungiya ɗaya, aka zura musu ƙwallo ana daf da tashi, ɗaya ya tafa hannu ya ce sai wani satin, ɗayan ya kife kai a gwiwa ko magana ba ya so, ashe kuɗin takin da babansa ya ba shi ya zuba a caca ta waya. A gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 ma an lura waɗanda suka zo na 3 sun fi na 2 fara'a, don na 2 yana ta tunanin zinaren da ya kuɓuce masa, na 3 kuwa godiya yake da bai koma hannu rabbana ba.

Shi ya sa dokar mai gidan ta burge ni, ba a ƙulla caca a ciki, ba zagin iyaye, wanda ya yi a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Tsokana kuwa a yi ta son rai, ai ita ce daɗin abin. Ana busa tashi yake buɗe ƙofa biyu don kada a cunkushe jini na tafasa, in ya ga wani ya harzuƙa sai ya dafa shi ya ce "ƙanena zo ka sha shayi", kafin mai shayin bakin ƙofa ya gama haɗawa yaro ya huce. Lokacin sallah kuma yana rage sauti, akwai butoci da tabarmi a waje.

Dattawa masu hawan jini ku yi hattara da manyan wasanni. A kofin duniya na 2006 likitoci a yankin Munich sun ga masu matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau 2 a ranakun da Jamus ke wasa, mu kuma nan asibiti da nisa. In za ka je ka je da wuri ka kama bencin kusa da ƙofar gabas, nan iska ke shigowa, kuma ka zauna ɓangaren tibin hagu.