Sashen cututtukan jini: ma'aikata sun yi, jini da magani kuwa sai ka nemo

Ga duk wanda aka turo shi sashen cututtukan jini na asibitin koyarwar da ke kusa da mu, ga abin da na gani a matsayina na mai jinyar ɗan yayata, wanda sankarar jini ta kama yana aji uku na firamare.

Zan fara da abin yabo, don akwai shi. Likitan da ya yi masa gwajin ɓargo bai ɓoye mana komai ba. Ya zaunar da mu, ya ce irin wannan sankarar ta yara ana warkewa daga ita, amma magani sai ya ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma wanda ya katse a tsakiya ya koma gidan jiya. Sistocin ɗakin kuwa Allah ya saka musu. Akwai wata babba a cikinsu da ke nemo jijiya a hannun da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya riga ya ƙone, tana yi tana jan yaron da hirar ƙwallo har ta gama. Tana ce wa yayata, "Maman yaro, ki fita ki sha iska, ni ma na haifa." Ɗakin yana da tsabta daidai gwargwado. Banɗakin masu jinya dai kada ma a tayar da maganarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne bankin jini. Kemo yana karya ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet. Idan suka yi ƙasa, sai ka ga dasashi na tsattsafo jini, ga ɗigo-ɗigo ja a ƙafa, haɓo ya ƙi tsayawa. Su kuma ba a iya ajiye su fiye da kwana biyar, saɓanin ledar jini ta yau da kullum da kan yi sama da wata a firji. To a nan babu tanadi ko kaɗan. Sai an rubuto takarda sannan za a ce ka kawo masu bayarwa, ko da tsakar dare ne. Mun kwashe 'yan'uwa, mun shiga maƙwabta, har liman ya yi mana sanarwa bayan sallar Juma'a. A bakin ƙofa kuma ga samari masu sayar da jininsu suna zagaya ka, sun san ka matsu. Na'urar da ke tace filatilet daga jikin mutum ɗaya tana nan, amma sau da yawa a ce kayan aikinta sun ƙare.

Magani ma haka. Cikin magungunan kemo, kantin maganin asibitin yakan samu binkiristin, amma asfarajines, wanda dole a riƙe shi da sanyi, a waje muke saye. Ka ɗauko shi a cikin kula mai riƙe sanyi, da ƙanƙara, zuciyarka na ɗar-ɗar ko na gaske ne.

Ban ɗora wa ma'aikatan laifin wannan ba, matsalar daga sama take. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, sankara uku ya ɗauka da farko: ta mama, ta bakin mahaifa da ta furostet da ke kama maza. A lokacin mai sankarar jini ba ya ciki. A shekarar kuma aka sa hannu kan dokar hukumar kula da jini ta ƙasa, a 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya. Duk da haka a gadon asibiti aljihunka ne inshorarka. Da za a tambaye ni abin da gwamnati za ta sa a gaba, ba zan fara da dashen ɓargo ba, ko da yake tun 2011 aka fara yin sa a birnin Benin na jihar Edo. Filatilet a kowane lokaci, da maganin kemo na yara kyauta cikin asusun nan, su ne za su hana iyaye ɗauke 'ya'yansu su koma gida. Na ga gadon da ke kusa da namu ya zama wayam saboda kuɗi sun ƙare, ba don likita ya sallame su ba.

Za ka iya kawo mara lafiyarka nan, hannun likitocin yana da kyau. Amma tun ranar farko ka tara mutanen da jininsu ya dace da nasa, ka karɓi lambobin wayarsu, ka sayi kula, kuma ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya da wuri, don ba wanda zai nuna maka shi sai ka tambaya.